Shadda a bakin Kwara: aikin masu sanin ruwan ƙasa

A Malanville, idan aka kira maginin da ya san aikinsa domin ya yi wa gida shadda, ba ya fara tambayar buhun siminti nawa aka tanada. Rijiya yake fara nema. Zai tsaya a bakinta ya leƙa, ya jira idonsa ya saba da duhu, sannan ya bi jikin ginin da kallo har ya gano inda launin bulo ya sauya, wato iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa ya bar shaidarsa ta gansakuka. Idan gidan ba shi da rijiya, sai ya yi sallama a na maƙwabta. Daga nan ya juyo wajen mai gida: "Alhaji, watan tara na bara, ina ruwa ya tsaya a nan? Ya shigo tsakar gida ko a ƙofa ya tsaya?" Amsar da ya samu ita za ta yanke zurfin ramin, da wurin da za a haƙa shi, da ma ko haƙawar za a yi ko sama za a ɗaga ginin.

Baƙo zai ga kamar ɓata lokaci ne. Ɗan gari ya san ba haka ba ne, domin Malanville a kan ruwa take zaune. Garin yana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, fiye da kilomita 700 daga Kwatano, yana kallon Gaya ta Nijar, Kogin Kwara ne kaɗai ya raba su. Kogin Sota ma a gefensa yake zubawa cikin Kwara. Ƙasar kwari ce, yashi da laka waɗanda kogi ya yi ta shimfiɗawa tun ba a san za a yi gari a wurin ba. Shi ya sa shinkafa da albasa suke yi, shi ya sa kuma a unguwannin gangare ba ka nisa da haƙa sai ka ji ƙasa ta fara sanyi a bakin diga. Ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da 160,000 a ƙaramar hukumar, Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da sauransu, ban da dubban da kasuwar garin ke jawowa kowane mako daga Nijar da Najeriya da kudancin Benin. Duk wanda ya kwana a garin sai ya kewaya, kuma abin da ya bari yana sauka ne 'yan taku kaɗan daga ruwan da wani zai ja da guga gobe da safe.

Kwara a wannan yanki sau biyu yake cika a shekara, kuma wannan ne darasin farko na mai sana'ar. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, lokacin da Sirba daga Burkina Faso, da Mekuru da Alibori da Sota na cikin Benin, suke kwararo jan ruwa mai laka. Ita ce mai shiga gidaje. A 2010, shekarar da ambaliya ta shafi mutum kusan 680,000 a faɗin Benin, Malanville da maƙwabciyarta Karimama suna cikin waɗanda suka ji jiki. Cika ta biyu kuwa ba ta da hayaniya. Ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana jan ƙafa a fadamun Masina na ƙasar Mali, sai ya iso nan cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan an daɗe ba a ga ɗigo daga sama ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na bakin kogi bin kogin yake yi, in ya hau ya hau, in ya sauka ya sauka. Saboda haka wanda ya haƙa rami a watan Mayu, sa'ad da kogi ya ja baya iyakar ja, yana iya kaiwa mita 3 cikin busasshiyar ƙasa ya yi murna, watan tara na zuwa ramin ya zama rijiya. Gwani da mafi munin ranar shekara yake auna raminsa.

Shaddar da nake nufi ba salgar iyaye da kakanni ba ce, wadda rami ne guda da ake bari ƙasa ta shanye ruwansa. Wannan kashi biyu ce. Akwai tanki rufaffe na siminti, wanda masu jin Faransanci ke ce wa fos, akwai kuma sokawe, ramin da ke karɓar ruwan da ya fito daga tankin ya miƙa wa ƙasa. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras, mutumin garin Vesoul, shi ya gina irin wannan tanki a gidansa wajen shekarar 1860. Bayan shekaru da aka buɗe, sai aka tarar yawancin ƙazantar ta narke ta koma ruwa, a 1881 kuma ya yi wa dabarar rajista. Abin da ya gano a lokacin, yau an san dalilinsa. Tankin nan tamkar tumbin saniya yake: cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba sa buƙatar iska, suna cin abin da aka aiko musu suna narkar da shi, suna fitar da gas. Duk gwanintar riƙon shadda ta taru ne a kan kada a kashe waɗannan halittu, kada a ba su abin da ba za su iya ci ba, kada kuma a hanzarta su. Zafin Malanville, wanda ke wuce digiri 40 a bazara, alheri ne gare su, domin sun fi saurin aiki a ɗumi fiye da a ƙasashen sanyi inda aka ƙirƙiro dabarar.

Idan tanki yana lafiya, abin da ke cikinsa hawa uku ne. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama baƙar laka. Maiƙo da kumfar sabulu da duk abu marar nauyi su taso sama su yi ɓawo. Tsakaninsu ruwa ne mai launin toka, kuma shi kaɗai ake so ya fita. A nan ake gane hannun magini. Tsawon tanki yakan ninka faɗinsa sau biyu ko uku, domin ruwa ya yi tafiya mai nisa a hankali, ya kwana aƙalla ɗaya ko biyu kafin ya kai mafita. Ana raba shi ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, a bar kafa a tsakiyar katangar, ba a ƙasa inda laka take ba, ba kuma a sama inda ɓawo yake ba. A bakin shiga da bakin fita ana sa fayif mai siffar harafin T. Na shiga yana nutsar da abin da ya zo ƙarƙashin ɓawo ba tare da ya dama tankin ba, na fita kuma yana zuƙo ruwa daga tsakiya ya hana ɓawo bin sa. Mafita tana ƙasa da mashiga da misalin faɗin yatsu huɗu, santimita 7 ko 8. Wannan ɗan bambanci shi ke hana ƙazanta komawa cikin gida. Na tabbata da yawa daga masu gidajen da ke kuka da sokawensu ba su san cewa guntun fayif ɗin nan na mafita, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne ya karye ko ba a ma sa shi ba tun farko. Da zarar ɓawo da laka sun tsallaka zuwa sokawe sun toshe idon ƙasa, gyara ya zama sabon haƙa.

Sai filasta. Gwani yana yi wa cikin tanki hannu biyu na siminti mai ƙarfi, ya murza shi da cokali har ya yi sumul, ya kuma cike kusurwoyi ya mayar da su zagaye, domin daga kusurwa tsaga ke farawa. In ya bushe, ya cika tankin da ruwa, ya ja layi da gawayi daidai bakin ruwan, ya rufe, ya tafi. Kwana ɗaya ko biyu ya dawo ya duba layinsa. Idan ruwa ya sauka, aiki bai ƙare ba, ko da mai gida yana ƙagare. Yoyo a Malanville fuska biyu gare shi: da rani ƙazanta ta fita ta nufi rijiya, da damina ruwan ƙasa ya shigo ya cika tanki har ban ɗaki ya ƙi wucewa.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda dole in faɗi ra'ayina a kanta ba ɓoye-ɓoye. Sai a gina tanki a bar gindinsa ba daɓe, ko a huda jikinsa da gangan, a ce wa mai gida tasa shaddar ba za ta taɓa cika ba. Gaskiya ne ba za ta cika da wuri ba. Amma abin da aka zuba mata shekara da shekaru ina ya tafi? Cikin ruwan ƙasa ya tafi, wanda unguwa duka ke sha. Maginin da ya ƙi yin wannan, ya yarda a kai aikin ga wani mai araha, ya tsare lafiyar yaran da bai ma san sunayensu ba, kuma a wurina ya fi cancantar a kira shi malami fiye da mutane da yawa masu ɗauke da sunan.

Domin ruwan da ya fita daga tanki, ko da ya yi haske, ba tsarkakakke ba ne. Ƙwayoyin kwalara da taifot da atini duk suna iya bin sa. Mai tace shi na ƙarshe ƙasa ce, kuma busasshiyar ƙasa mai iska a cikinta, ba wadda ta jiƙe sharkaf ba. Shi ya sa ƙa'idar da masana tsabtar muhalli suka daɗe suna bayarwa ita ce gindin sokawe ya kasance mita 1.5 zuwa 2 sama da mafi tsayin inda ruwan ƙasa ke kaiwa, ya kuma yi nisan mita 30 daga rijiya, ta ɓangaren gangare. Duniya da gawarwaki ta koyi wannan. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan, wani likita, John Snow, ya bi sawun mamatan gida-gida har ya tsaya a kan famfon rijiya guda na titin Broad. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta mai yoyo da bai kai mita 1 daga rijiyar ba.

To, mita 30 a ina za a same su a tsohuwar unguwa, inda katangar wannan ita ce ta wancan, rijiyar maƙwabci kuma tana bayan ɗakin girkinka? A nan ne sana'ar take nuna kanta. Gwani yakan fara da gwada ƙasar: ya haƙa ɗan rami, ya jiƙa shi sosai ya kwana, da safe ya sake cikawa ya duba saurin shanyewa. Yashi tsantsa yana sha da sauri fiye da kima, ba ya tacewa yadda ake so. Yumɓu kuma ba ya sha sam. Idan ruwan ƙasa yana kusa, maimakon rami mai zurfi sai ya yi dogon kwalbati marar zurfi, ya shimfiɗa tsakuwa, ya ɗora fayif mai huji-huji, ya rufe, ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan a saman ƙasa inda iska da saiwoyi suke. Idan sokawe za a yi, ya kewaye shi da yashi mai laushi kaurin rabin mita. A inda ambaliya ke shiga, ya ɗaga ban ɗakin da bakin tankin sama da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, a riƙa hawa da matakala. Idan kuma duk wannan bai isa ba, ya faɗa wa mutanen gida gaskiya: wannan rijiya ta wanki ce da ban ruwan shuka, ruwan sha a ɗebo a famfon SONEB, kamfanin ruwa na ƙasa, ko a dafa, ko a sa masa magani.

Magini yana gama nasa ya tafi. Riƙon yau da kullum a hannun uwar gida yake, kuma gidan da shaddarsa ta daɗe ba matsala, in ka bincika, za ka tarar akwai macen da ta kafa doka a ƙofar ban ɗaki. Mu masu tsarki da ruwa muna da sa'a babba, domin buta ba ta cika rami, kuma wanda ke kora da lita 2 ko 3 na bokiti ya fi tausaya wa sokawe fiye da mai jan ruwan tanki lita 9 a kowace shiga. Abokan gaba su ne leda, da ledar ruwan sha, da famfas na jarirai, da audugar mata, da tsumma, da gashin kitso. Babu ɗaya cikinsu da ke ruɓewa. Su ke toshe fayif, su ke shaƙe tiyon motar zuƙa, su ne kuma mai kwasa zai tsinta da hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Uwar gida mai lura tana ajiye ɗan bokiti mai murfi a kusurwa domin su, tana kuma gaya wa baƙuwa a hankali tun ranar da ta sauka: "Yaya, don Allah famfas ɗin yaro a nan ake sawa." Ruwan wanke-wanke mai maiƙon miya da ruwan wanki mai omo ba ta bari su bi hanyar tanki, nasu ramin daban. Yashin da ake goge tukunya da shi ma haka, domin yashi in ya shiga ba ya fita sai da shebur.

Akwai kuma abin da ake zubawa da kyakkyawar niyya ya zama ɓarna. Wari ya tashi, sai a ɗauko kananzir ko baƙin mai na injin mota, ko a juye kwalbar ruwan Javel gaba ɗaya, wasu har kabaid na masu walda suke jefawa wai ya cinye ƙazanta. Warin yana iya lafawa kwana biyu, amma halittun da ke aikin narkarwa sun sha kashi, laka ta ci gaba da taruwa ɗanya, man kuma ya bi ruwa ya nufi ƙasa inda ba ya narkewa. Ɗan abin da za a wanke masai da shi ba ya kashe tanki. Juyewa da yawa ita ce matsala. Maganin wari na gaskiya fayif ɗin numfashi ne, mai faɗin santimita 10 ko fiye, wanda ya zarce rufin ɗaki da rabin mita domin iska ta ja gas ɗin sama, da raga a bakinsa don tare ƙuda da sauro. Peter Morgan ne ya tabbatar da amfanin wannan fayif ga masan rami a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe, cikin shekarun 1970. Yanar gizo-gizo da ƙurar hunturu suna toshe ragar, don haka mai lura yakan hau ya zuba bokitin ruwa ta sama lokaci-lokaci. Alamun rashin lafiya kuma a bayyane suke ga mai kallo: ruwa ya riƙa jinkirin wucewa, masai ya riƙa yin gurguri, ko ƙasar kan sokawe ta yi danshi ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani.

Gwani ba ya jiran waɗannan alamu. Sau ɗaya a shekara yakan auna, kuma awon abin kallo ne. Zai sami doguwar gora, ya naɗe ƙasanta da farin ƙyalle kamar tsawon mita, ya ɗaure tamau. Ya ɗaga murfin ɗakin farko, ya koma gefe ta inda iska ke fitowa, ya ba gas lokaci ya watse. Sai ya huda ɓawo, ko ya bi ta cikin fayif ɗin T, ya saukar da gorar a hankali har ya ji ta taɓa daɓe. Ya riƙe ta a tsaye 'yan mintoci ba motsi. In ya zaro ta a hankali, ƙyallen ya rubuta masa labarin tankin: ƙasa baƙi ƙirin inda laka ta kama, sama da nan launin toka inda ruwa kawai ya taɓa. Ya auna baƙin da taƙi. Idan laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan, lokacin shiri ya yi. Idan ita da ɓawo sun cinye rabi, kada a ƙara wata damina a kai.

Lissafin ma ba wuya. A gidan da ake tsarki da ruwa, kowane mutum yana barin lakar da ba ta wuce lita 40 a shekara. Mutum 10, lita 400, duro biyu ke nan. Tanki mai tsawon mita 2.4 da faɗin 1.2 da zurfin ruwa 1.4 yana ɗaukar kusan lita 4,000, rabinsa zai cika cikin shekara 5. Sai dai gidan Malanville ba kasafai yake tsayawa a kan mutanen da aka gina shi dominsu ba. Garin fatake ne, mai gida yana saukar da 'yan albasa da 'yan hatsi da direbobi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka aka tare gada, manyan motoci sun yi layi na kilomitoci, direbobi da yaran mota suka yi zaman makonni da watanni a garin, masu tsallakawa kuma suka koma kwale-kwale. Tankin da aka yi wa lissafin mutum 10, in ya koma ɗaukar 20, shekara 5 ta zama biyu da rabi. Wanda ke aunawa da gora ba ya shan mamaki.

Ranar kwasa ita ce ranar da sana'ar take iya cin rai, kuma a nan nake cire hula ga masu yin ta yadda ya kamata. Mafi dacewar lokaci shi ne tsakanin Maris da Mayu, bayan cikar hunturu ta janye, kafin ruwan farko. Inda motar zuƙa za ta iya shiga, ita ce gaba, amma lungu da yawa ba ya ɗaukar mota, kuma lakar gindi da ta shekara biyar tana danƙarewa har tiyo ya kasa ɗaga ta sai an zuba ruwa an dama da dogon itace. Sauran aikin na guga da igiya da shebur ne. Tanki yana tara gas iri-iri. Akwai metan, wanda ke kama wuta, shi ya sa dabarar masu haƙar rijiya ta saukar da fitila don gwada iska ba ta da wuri a nan, haka sigari da ashana. Akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi iska nauyi yana kwanciya a gindin rami. Sharrinsa shi ne in ya yi yawa yana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ya watse alhali a lokacin ya fi ƙarfi, ya shaƙa sau biyu ko uku ya faɗi. Dama laka kuma yana sako wanda ke ɓoye cikinta. Labarin irin wannan mutuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya: na farko ya faɗi, na biyu ya yi tsalle ya ceto ɗan'uwansa, shi ma ya faɗi, wani lokaci har na uku. Saboda haka shugaban masu kwasa na ƙwarai yana buɗe duk murafu tun da wuri ya bar su awanni, yana yin duk abin da zai yiwu daga sama da guga mai dogon hannu, kuma ba ya yarda kowa ya sauka don kawai a gama da wuri. In sauka ta zama dole, da igiya a ƙugu, mutum biyu masu ƙarfi a sama riƙe da ita, suna magana da shi ba yankewa. Muryarsa na sauyawa, a jawo shi, ba a bin sa ciki. Takalmin roba da safar hannu da sabulu suna tare cuta. Ƙyallen rufe hanci kuwa ba ya tare gas ko kaɗan, kuma shugaban da ya san haka yana faɗa wa yaransa.

Abu biyu ake gane gwani da su a ƙarshen kwasa. Ba ya kwashe tanki ƙarƙaf ya wanke shi. Yana barin laka kamar faɗin tafin hannu a gindi, domin ita ce irin halittun da za su ci gaba da aiki, in babu ita tanki zai yi makonni yana wari kafin ya farfaɗo. Ba ya kuma barin tankin fanko. Kowane lita 1,000 na ruwan ƙasa da tanki ya tare wa wuri yana tura shi sama da ƙarfin tan guda, ga kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana danno katangu daga waje. Tankin da aka kwashe a watan tara aka bari ba komai yana iya tsagewa ko ya ɗago ya karya fayif. Don haka bayan ya duba filasta da fayif ɗin T ya gyara abin gyarawa, sai ya mayar da ruwa, ya rufe murfi da siminti marar ƙarfi wanda za a iya fasawa nan gaba ba tare da an lalata kankare ba. Wasu kan rubuta wata da shekara a jikin ɗanyen simintin, kuma wannan ɗabi'a ce da ya kamata kowa ya ɗauka.

Saura tambayar da masu gida suka fi ƙin yi: ina za a kai abin da aka kwaso? Shekaru da dama wurin sarrafa lakar shadda guda ɗaya Benin take da shi, na Ekpè kusa da Kwatano, wanda kamfanin SIBEAU ya buɗe a 1994, a ɗaya ƙarshen ƙasar. Tun 1987 dokar tsabtar jama'a ta hana zubar da ƙazanta barkatai, amma duba-gari ba ya bin amalanke da tsakar dare. Abin ya rage ga imanin mai kwasa. Mai tsoron Allah ba ya juyewa a kwata ko a bakin kogi inda masunta da masu wanki da yara suke. Yana kaiwa tudu, nesa da rijiyoyi da inda ambaliya ke kaiwa, a haƙa dogon rami a zuba a rufe da ƙasa mai kauri. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yana iya wuce shekara a raye, shi ya sa ake ba lakar shekara 2 kafin ta zama takin da za a taɓa da hannu. Ɗanyarta ba ta zuwa fadamar albasa ko latas. Itatuwa kuwa, in aka dasa su a kan ramin da aka rufe, suna jin daɗinta.

A Kano masu wannan aiki suna da ƙungiya, Gidan Kowa Da Akwai, manoman kewayen birni kuma sun daɗe da sanin darajar abin da suke kwasowa. A 2019 Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da WaterAid sun fitar da rahoto kan lafiya da mutuncin ma'aikatan tsabta, suka nuna yadda ake barinsu ba kayan kariya, ba kuɗin kirki, ga ƙyama. Ƙyamar nan tana da farashi, domin ita ke tura aikin cikin dare, inda ba a ganin tsagar filasta, ba a kuma ganin inda aka juye kaya. Mai gidan da ke son aiki mai kyau ya kira su da rana, ya gaishe su da sunan sana'a da girmamawa, ya tanadi ruwa da sabulu da wurin wanka. Wajen ciniki kuma a yi maganar wurin zubarwa tun kafin a ɗaga murfi, a sa kuɗin nisan tafiya da na haƙa ramin binnewa cikin jinga, domin wanda aka matse wa kuɗi kwata mafi kusa zai nema. In da hali, mai gida ya tura babban ɗansa ya raka amalanken har inda za a binne, sannan a cika musu ragowar kuɗinsu.